Buɗaɗɗiyar Wasiƙar Ƙorafi Ga Kamfanin da Ya Sayar Mana da Hutun Hunturu a Tsibirin Sal

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Bayan gaisuwa, amsar da sashenku na kula da abokan ciniki ya aiko mini ta imel ranar 11 ga Fabrairu ita ce ta sa na fito da wannan magana fili, domin na lura duk abin da aka gaya muku a ɓoye kunnen uwar shegu kuke yi da shi. Amsar ba ta wuce layi huɗu ba. An ce kamfani ya duba bai ga laifinsa ba, an ce yanayi ba a hannunku yake ba, sannan aka haɗa mini da takardar rangwamen fam 75 wadda ba ta da amfani sai idan na sake sayen wata tafiyar a wurinku.

Tun cikin watan Oktoba na biya ku fam 4,380 domin hutun mako guda a tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, ni da mai ɗakina da ɗanmu da mahaifiyata. Dalilin tafiyar kuwa mahaifiyar tawa ce. Tana fama da ciwon gaɓɓai, kuma sanyin Disamba a Mancesta, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, yana hana ta barci. Mun zaɓi Sal ne saboda tafiyar awa shida ce a jirgi, akwai ɗumi a can lokacin da Ingila ke daskarewa, kuma da yake Cape Verde tana cikin ƙungiyar ECOWAS, fasfonta na Najeriya ya wadatar, saɓanin tsibiran Kanari na Sifaniya da sai ta nemi biza. Abu uku na nema, duka ukun kuma suna rubuce a takardar da kuka aiko mini: otal a bakin teku a garin Santa Maria, ɗaki a ƙasa saboda ba ta iya hawa bene, da abinci na halal.

Mun sauka a filin jirgin Amílcar Cabral da daren 21 ga Disamba, ba mu tarar da wakilinku ba. Sai da muka gaji da jira wani direba ya zo da takarda ya ce otal ɗin ya cika, an mayar da mu wani masauki a Espargos, garin da ke tsakiyar tsibirin kusa da filin jirgi, kimanin kilomita 18 daga tekun da muka biya kuɗi dominsa. Ɗakin da aka ba mu yana hawa na biyu, ba kuma na'urar hawa bene. Ni da wani saurayi mai aiki a masaukin muka ɗora Hajiya a kan kujerar roba muka hau da ita, tana riƙe da kafaɗata da hannu ɗaya, carbinta a ɗayan, tana ta ba yaron haƙuri kamar ita ce ta yi laifi. Duk ranar da muke son ta taka yashi ta sha iskar teku, sai an sauko da ita haka, an biya tasi zuwa da dawowa. Batun abinci kuwa, masaukin bai ma san da wata yarjejeniya ba. Burodi da kifin da muke sayowa daga masunta a gadar Santa Maria su suka riƙe mu. Ina so a fahimta cewa ba ni da ƙorafi a kan mutanen tsibirin, domin duk wanda muka nemi taimakonsa ya yi mana da fara'a.

Ranar 23 ga Disamba da ƙarfe 10:40 na safe na samu wata jami'arku a waya, kuma na rubuta abin da ta faɗa nan take. Na bayyana mata halin da tsohuwa mai shekara 74 take ciki, na roƙi a mayar da mu kowane otal mai ɗakin ƙasa. Ta tambaye ni asalinmu, na gaya mata. Sai ta ce, "To ai kun san yadda Afirka take, bai kamata wannan ya ba ku mamaki ba." Na ce mata da kamfanin Birtaniya na yi ciniki, kuma da fam na biya. Ta ce za ta kira ni kafin azahar. Har muka bar tsibirin wayar ba ta zo ba. Ina so ku gaya mini, da wani abokin cinikin ne mai wani launin fata ya kira yana cewa ana ɗaukar mahaifiyarsa a kujera, wannan amsar za a ba shi?

Ranar da za mu dawo hazo ya rufe tsibirin, jirgi bai tashi ba sai bayan kwana biyu. Ban ɗora muku laifin hazo ba. Mu da muka tashi a Arewa mun san ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, kuma ita ce dai ke tsallaka teku ta isa Cape Verde, mai nisan kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal, a irin wannan lokaci na shekara. Kamfanin da sana'arsa ke nan ba zai ce abin ya zo masa bagatatan ba. Laifinku shi ne kun bar mu mu nemi makwanci da kanmu, na biya yuro 412 na ƙarin kwanakin, rasit yana hannuna. Dokar Birtaniya ta 2018 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta ɗora wa mai shirya tafiya alhakin cika duk abin da ke cikin yarjejeniya, ta ce idan ya sauya masauki da wanda bai kai na farko ba dole ya rage kuɗi, ta kuma ce idan wani lamari da ya fi ƙarfin kowa ya hana dawowa, shi zai biya masauki har na dare uku. Kun fi ni sanin wannan doka, amma amsarku ta fake da hazo ta tsallake maganar otal, wadda ta faru mako guda kafin hazon ya sauko.

Tun da muka dawo nake kira ina rubutawa. Wani lokaci a ce fayil ɗina yana wurin manaja, wani lokaci a ce a sake turo rasit ɗin da na riga na tura, wani lokaci layin ya katse bayan dogon jira.

Abin da nake nema shi ne ku mayar mini da yuro 412 da kuɗin tasi, ku biya bambancin da ke tsakanin otal ɗin da kuka sayar mini da masaukin da kuka ajiye mu, ku kuma rubuta wa mahaifiyata takardar ban haƙuri da sa hannun wani babba a cikinku. Ina kuma neman ku saurari faifan wayar ranar 23 ga Disamba, tunda ku da kanku kuke sanarwa cewa kuna naɗar kira. Sannan ku bayyana mana yadda ake zaɓen waɗanda za a tura Espargos idan kun sayar da ɗakunan da suka fi waɗanda kuke da su, domin a cikin jirginmu akwai iyalai da suka sayi irin tafiyarmu bayan mu, suka kuma kwana a bakin teku. Zargina shi ne kuna sayar da abin da ba ku da shi da gangan, sannan ku zaɓi waɗanda kuke ganin ba za su ɗaga murya ba ku ɗora musu asarar. Na ba ku kwana 14 daga yau. Idan wa'adin ya cika ban ji daga gare ku ba, zan shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka, da takardar yarjejeniya da rasit da amsarku ta 11 ga Fabrairu.

Naku,
Abokin cinikinku daga Mancesta