Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Shugaban Ƙasa Kan Halaccin Mulki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka wannan wasiƙa ne saboda wata magana da take yawan fitowa daga bakinka da bakin muƙarrabanka duk lokacin da aka tayar da batun wa'adi da zaɓe, wato cewa jama'a suna tare da kai, wanda kuma yake shakka ya dubi cincirindon da ke fitowa tarbarka. Ban musanta cewa ana taruwa ba. Tambayata ita ce, idan mutanen nan suka sauya ra'ayi gobe, wace hanya ka bar musu ta sanar da kai, wadda za ta sa ka sauka ba tare da an zubar da jini ba?

Tun fiye da shekaru 2,300 da suka wuce masanin falsafar Girka Aristotle ya kasa gwamnatoci zuwa mulkin mutum ɗaya da na 'yan kaɗan da na masu yawa, amma ya nuna cewa kowanne daga cikinsu yana iya zama nagari ko gurɓatacce, gwargwadon ko ana yin sa domin maslahar kowa ne ko domin masu riƙe da shi. Ke nan sunan tsari ba ya wanke kowa. Ana iya kiran ƙasa jamhuriya, a buga kundin tsarin mulki mai kyan bango, alhali mutum ɗaya ne yake ɗaurewa yana kwancewa.

Ƙarfi ma ba ya haifar da halacci. Masanin falsafa Rousseau ya kawo misali a 1762 da ɗan fashin da ya tare mutum a bakin daji: dole ne ka miƙa masa jakarka domin bindiga tana hannunsa, amma babu wani haƙƙi da ya hau kanka na ba shi, kuma da za ka iya ɓoye ta ba ka yi laifi ba. Biyayyar da tsoro ya haifar iyakarta ranar da tsoron ya gushe. Shi ya sa masanin falsafar Ingila John Locke, tun a 1689, ya ɗauki mulki a matsayin amanar da jama'a suka damƙa, wadda suke da ikon karɓe abinsu idan aka ci ta.

Kada wani ya ce maka wannan tunanin Turawa ne da ba ya dacewa da kowa. A shekarar 632 Miladiyya, da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, ya miƙe ya shaida wa mutane cewa an ɗora shi a kansu ba don ya fi su ba, idan ya yi daidai su taimake shi, idan ya karkace su miƙar da shi. Ka lura, ranka ya daɗe, a ranar da ya karɓi mulki ne ya bai wa talakawansa izinin gyara shi. Bai jira sun roƙa ba.

Masu ba ka shawara za su ce a yi ƙuri'ar raba-gardama a rufe bakin kowa. Faransa ta taɓa bin wannan hanya. An zaɓi Louis-Napoleon shugaban ƙasa a 1848, tsarin mulki kuma ya hana shi zarcewa, sai ya rushe majalisa ranar 2 ga Disamba 1851, ya kama 'yan adawa, sannan ya tambayi jama'a ko sun amince. Fiye da mutum miliyan 7 suka ce e. A watan Mayu na 1870, bayan ya mayar da ƙasar daula ya zama sarkinta, ya sake samun ƙuri'u fiye da miliyan 7, amma kafin watanni huɗu su cika an ci shi da yaƙi a Sedan, mutanen Paris suka shelanta jamhuriya, daular ta rushe ba tare da miliyoyin nan sun fito kare ta ba. Tambayar da aka yi wa mutum bayan an kulle masu jayayya, amsarta ba ta ɗaukar nauyi ranar tsanani.

Shi kuwa taro, ka tuna da Bucharest, babban birnin Romaniya, ranar 21 ga Disamba 1989. An kwaso ma'aikata aka cika dandali da tutoci da hotuna domin shugaban ƙasar, Ceausescu, ya nuna wa duniya cewa Romaniya tana bayansa. Yana tsakiyar jawabi a kan baranda sai ihu ya taso daga bayan taron. Ya tsaya cak, baki a buɗe, ya ɗaga hannu yana neman a yi shiru, talabijin kuma tana nuna fuskarsa kai tsaye. Washegari ya tsere a jirgi mai saukar ungulu. Wata guda kafin nan jam'iyyarsa ta sake zaɓensa, ana ta tafi a tsaye. Abin da ya fi ba ni tausayi a wannan hoto shi ne mamakin da ke fuskarsa, domin ya daɗe da toshe duk wata kafa da gaskiya za ta bi ta iso gare shi.

Ba na yi maka fatan irin wannan rana, kuma ba na yi wa ƙasa. Senghor na Senegal ya sauka da kansa a 1980, Nyerere na Tanzaniya a 1985, Mandela kuma ya miƙa mulki a 1999 bayan wa'adi ɗaya, alhali da ya nemi na biyu da wuya a hana shi.

Don haka ina roƙonka da ka tsayar da ranar zaɓe ka sanar da ita da bakinka, ka bar sashen wa'adi a kundin tsarin mulki yadda yake, ka saki waɗanda aka tsare saboda ra'ayinsu, ka kuma ƙyale hukumar zaɓe da kotuna su yanke hukuncin da ba lallai ne ya yi maka daɗi ba. Idan jama'a suna tare da kai kamar yadda kake faɗa, akwatin zaɓe zai nuna hakan a gaban wakilan abokan hamayyarka.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan ƙasa