Wasiƙar Godiya Ga Mai Shagon Kayan Sanyi Na Ƙofar Wambai

Zuwa ga Alhaji da yaran shagonsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalai, da fatan kasuwa tana albarka.

Mu teloli ne a cikin birnin Kano, yawancin aikinmu gyaran kayan da aka saya ɗinkakku. Mun ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a, domin abin da kuke yi wa masu tafiya ƙasashen sanyi ya wuce ciniki. Duk wanda ya san layin 'yan gwanjo ya san shagon da muke nufi, inda kowane yaro ke rataye da tef ɗin awo a wuya, aka kuma ajiye farin kwali a ƙasa kusa da bango don auna ƙafa.

Idan watan Agusta da Satumba suka kama, lokacin da ɗalibai ke shirin tashi, ana yawan kawo wa tela jaket a ce ya buɗa ta, jirgi saura kwana biyu. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, ba a barin rarar yadi a ɗinkin jaket kamar yadda muke bari a kaftani. Idan kuma mai gashin agwagwa ce a ciki, da an farke layi ɗaya gashin zai fara watsewa. Ragewa kan yiwu, ƙarawa kuwa sai dai haƙuri. Kayan da suka fito daga hannunku ba sa zuwa mana da wannan matsala, kuma mun san dalili. Ba ku yarda da lambar da ke wuyan riga ba sai kun auna mutum kun auna rigar.

Kuna da gaskiya, Alhaji, domin lambar nan kowace ƙasa da yadda take lissafa tata. A kwat ɗin maza, Ingila da Amurka suna rubuta faɗin zagayen ƙirji da inci, to mai ƙirji inci 40 lambarsa 40. Wannan mutumin a Italiya ko Jamus ko Rasha lambarsa 50, saboda su rabin zagayen ƙirji suke ɗauka da santimita, inci 40 kuwa santimita 101 ne da ɗoriya. Don haka hanya mai sauƙi ita ce a ƙara 10 a kan lambar Ingila. Na mata ya fi rikitarwa. Rigar da Ingila ke kira 12, Amurka 8 take ce mata, Jamus 38, Faransa 40, Italiya 44. Ke nan idan Hajiya ta ce ita 40 take sawa, ba ta gama magana ba sai an san 40 ɗin wace ƙasa. Mun sha ganin yaranku suna juya riga su nemo ƙaramin ƙyallen da ke gefen ciki don su ga ƙasar da aka ɗinka wa kayan, maimakon su tsaya a abin da aka rubuta a wuya.

Kayan ƙasar Sin su ne suka fi jefa mutane a asara, musamman masu yin oda ta waya. Za ka ga an rubuta 180/100A, a gefe kuma XL. Ma'anarsa rigar ta mai tsayin santimita 180 ce, mai ƙirji santimita 100, harafin A kuma na matsakaicin jiki ne. B da C na masu tumbi ne, Y na masu siririn ƙugu. Ƙirji santimita 100 bai kai inci 40 ba, wato a lissafin Ingila M ne. Mutum ya saba sa XL na gwanjon Turai, ya ga XL a hoto ya tura kuɗi, kaya su iso maɓalli ya ƙi haɗuwa. Ga kuma hannun riga, wanda a kayan Sin yakan gaza wa dogayen samarinmu da inci ɗaya ko biyu. A ƙasar da iska ke yanka, wannan ɗan gibin na wuyan hannu shi zai hana mutum sakat.

Gwanjo yana da nasa ƙarin sharaɗi, wanda ku kuka fi mu sani. Suwaitar ulu da aka taɓa wankewa da ruwan zafi ta riga ta tsuke, ko da an rubuta L a jikinta. Shi ya sa hanyarku ta burge mu. Sai an shimfiɗa jaket a kan tebur, an ja zif har sama, an auna daga hammata zuwa hammata, an ninka biyu. Abin da ya fito dole ya ɗara ƙirjin mai saye da inci 4 zuwa 6, don a sami wurin suwaita da 'yar ciki. Mai ƙirji 40 ke nan yana neman 22 ko 23 daga hammata zuwa hammata. Sannan ku sa mutum ya gwada da suwaita a jikinsa, ko da ana zafi yana ta gumi, ya miƙa hannuwa gaba, ya ɗaga su sama, ya zauna a benci. Idan bayan rigar ya ja, ko ƙugu ya buɗe, ko hannu ya janye ya bar wuyan hannu a waje, sai a canza. A ganinmu na masu ɗinki, babu gwajin da ya fi wannan.

Wani abin da muke so a ji shi ne tambayar da kuke fara yi: wane gari za a je, kuma a wane wata? Mutanenmu hunturu suka sani, inda asubahin Disamba da Janairu ke sauka wajen digiri 12 ko 13, sanyi busasshe, rana ta ɗaga ya wuce. Landan a Janairu tana tsakanin digiri 2 da 8, amma da yayyafi da iska, don haka mai zuwa can ya fi buƙatar rigar da ruwa ba ya ratsawa. Mosko da Toronto ƙasa da sifili suke wuni a tsakiyar sanyinsu, kuma akan sami ranakun da ke kaiwa 20 ƙasa da sifili. Winnipeg ta Kanada da Harbin ta Sin sun fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Mai zuwa Umara Madina a Janairu suwaita da hula da safa sun ishe shi sallar asuba a harami. Mai zuwa Afirka ta Kudu ko Ostireliya kuwa, nasa sanyin a Yuni da Yuli yake. Kuna ma tuna wa masu zuwa Amurka cewa ma'aunin zafinsu daban ne: 32 ɗinsu shi ne sifilinmu, to idan waya ta nuna 40, ba zafin Afrilun Kano ba ne, wajen digiri 4 ne kacal.

A nan ne muka ga amana ƙarara. Idan yaro Winnipeg za shi, kuma babu rigar da za ta ɗauki sanyin can a cikin dilar da kuka fasa, kukan faɗa wa mahaifinsa gaskiya, ya sayi na ciki da suwaita da safa a nan, ya riƙe kuɗin babbar jaket yaron ya saya idan ya sauka, tunda a Satumba sanyi bai kankama ba. Ba kowane ɗan kasuwa ke iya barin ciniki ya wuce shi haka ba. Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Bayanin da kuke yi wa iyaye a kan sa kaya hawa uku ma ya cancanci a maimaita shi, domin mutane da yawa sun ɗauka kaurin riga guda shi ne magani. Abin da ke riƙe ɗumi iska ce da ta maƙale tsakanin kaya. Hawa na farko shi ne mai manne wa fata, riga da dogon wando na ulun tumakin merino ko na foliyesta, masu janye gumi su bushe da wuri. Singiletin auduga ba ta yi a nan, duk da ita muka saba da ita, saboda auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Mutum ya yi sauri ya kama bas, ya jiƙe, ya tsaya a tasha, sai jiƙaƙƙiyar rigar ta riƙa zuƙe ɗumin jikinsa. Hawa na biyu suwaitar ulu ko mai laushin gashi-gashi. Na uku jaket mai tare iska da ruwa, mai hula, wadda ta sauko ta rufe ƙugu har cinya. Amfanin rarrabawar shi ne a cikin aji da gida da jirgin ƙasa akwai na'urar ɗumama ɗaki, wajen digiri 20 zuwa 22, sai mutum ya tuɓe na sama ya huta. Wanda ya sa ƙatuwar riga ɗaya a kan shimi ba shi da wannan zaɓin.

Yadda kuke tantance jaket kafin ku rataye ta ma abin koyi ne. Mai gashin agwagwa a matse ta a tafin hannu a saki. Idan ta kumbura ta dawo, da sauran ƙarfinta, idan ta kwanta lakwas, gashin ya mutu. A ɗaga ta a hasken rana a ga ko akwai gidajen da suka zama fanko. A shinshina ko ta yi fumfuna a cikin dila. A ja zif sau uku ko huɗu, don zif ɗin jaket doguwa ce mai rabuwa, samun irinta a kasuwa ba kullum ba. A juya ciki a duba siririyar ledar da aka manna a kan layin ɗinki, idan ta fara ɓarewa ruwa zai shiga ta ramukan allura. Kuna kuma bambance wa mai saye cewa gashin agwagwa ya fi ɗumi da rashin nauyi, amma idan ya jiƙe ya cure ba ya aiki, don haka ga garin ruwa irin Landan cikon roba ya fi dacewa.

Takalmi kuma lambar 8 ta Ingila ita ce 42 ta Turai, 9 ta mazan Amurka. Ga mata 5 ta Ingila ita ce 38, a Amurka 7. Ku dai kwalin nan kuke bi: a taka da safa mai kauri, diddige a jikin bango, a zana ƙarshen babban yatsa, a ƙara santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Takalmin da ya matse yana tauye gudun jini, yatsu su yi sanyi ko da safa biyu aka sa. Sai a lanƙwasa ƙasansa da ƙarfi, domin akwai irin robar da idan ta daɗe a ajiye cikin zafi da laima takan rube daga ciki, a ido sabuwa, a taka kwana kaɗan ta dagargaje. Kuma lallai ƙasan ya zama mai zurfin zane, saboda santsin ƙanƙara.

'Yan'uwanmu mata masu ɗinki sun ce lallai mu miƙa tasu godiyar daban. Kuna turo musu ɗalibai mata a rage tsayin abaya da kamar inci 2, don kada bakinta ya riƙa sharar narkakkiyar ƙanƙara da gishirin da ake zubawa a titi. Kuna ba da shawarar siririyar hular ulu a ƙarƙashin hijabi, tunda yadin hijabi mai shara-shara ba ya kare kunne, da doguwar kwat mai kaiwa gwiwa wadda ta haɗa sutura da ɗumi. Na yara ƙanana kuma kun fahimtar da iyaye cewa 104 da 116 da 128 da ake gani a kayan Turai tsayin yaro ne da santimita, wato kimanin shekara 4 da 6 da 8, sai a tsayar da yaro a bango a auna shi.

Lissafin da kuke rubuta wa ɗalibi a bayan rasit ya isa ba tare da ɓarna ba: na ciki saiti 2 ko 3, safar ulu ƙafa 4 ko 5, suwaita 2, jaket 1, hula mai rufe kunne, abin naɗe wuya, da safar hannu. Jaket da takalmi a sa su a jiki tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano, don kada su cinye kilo 23 na akwati. Har da 'yar tunatarwar a tafi da man kaɗe saboda faso da tsagewar leɓe, a kuma tsane ƙafa sarai bayan alwala kafin a mayar da safa. Kun ma ƙara da cewa idan yatsa ya yi fari ya daina ji, kada a murza shi, kada a kanga shi a wuta, a tsoma a ruwa mai ɗumi daidai jiki a nemi asibiti.

Roƙonmu guda biyu ne, ranka ya daɗe. Idan za a zaɓo dila ta gaba, a taimaka a nemo masu dogon hannu, domin samarinmu masu tsayin santimita 185 zuwa sama suna shan wahalar samu, kuma wannan ba abin da tela zai iya ƙarawa ba ne. Na biyu, takardar kwatanta lambobin nan da kuka manna a bango, da za a buga ta da yawa da Hausa a riƙa ba iyaye su tafi da ita, mu ma za mu karɓa mu manna a shagunanmu.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya daga gobara da asara, ya saka wa yaran shago da alheri bisa haƙurinsu da jama'a, ya kai 'ya'yanmu lafiya ya dawo da su lafiya.

Wassalam,
Naku, wasu teloli maza da mata na cikin birnin Kano