Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Batun Gwiwar Yaranmu

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon yara.

Kun ji abin da ya sami ɗalibinmu na aji biyar a filin ƙwallo. Alhamdu lillahi an yi masa aiki, yana samun sauƙi. Malamin wasanni ya cancanci yabo, shi ya hana a ja ƙafar, ya ɗora ƙanƙara, ya kira gida nan take. Allah Ya saka masa da alheri.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar da ke yawo, wai targaɗe ne, da an kai shi wurin mai ɗori da tuni ya miƙe. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda likitoci ke kira ACL. Hoton ƙashi ba ya nuna ta sai na MRI, wato na'urar da ke nuna jijiyoyi da tsoka, kuma ɗori ba ya haɗa ta. Yaron da aka bari yana guje-guje gwiwa tana zille masa, guringuntsin ciki ne zai lalace.

Wajen aikin, likita kan huda ƙananan kafofi, ya zura 'yar kyamara, ya ɗebo jijiya daga bayan cinyar yaron ya dasa a gurbin wadda ta tsinke. Sai dai wanda bai gama tsawo ba, daf da gwiwarsa akwai inda ƙashi ke ƙaruwa. In aka ɓata wurin, ƙafa na iya karkacewa ko ta gajarce, shi ya sa ƙwararru ke kauce masa. Ku nemi likitan ƙashi, ga Asibitin Dala nan a Kano.

Mun yanke shawara: wanda aka yi wa wannan aiki ba zai koma fili ba sai bayan wata 9, ya kammala gashin ƙashi, ya kawo takardar likita. Bincike ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na matasan da suka koma wasa kan sake tsinka jijiyar, ko a wannan gwiwar ko a ɗayar. Don Allah kada wani uba ya zo ofishina yana roƙo saboda gasa ta ƙarato. 'Ya'yana ne su ma, ba zan yarda ba.

Daga wannan mako za a riƙa ɗumama jiki na minti 20 bisa tsarin FIFA 11+, wato atisayen rage rauni na hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, kafin kowane wasa, har da 'yan mata, domin wannan rauni ya fi saurin samunsu.

Taron iyaye ranar Asabar ne, ƙarfe 10. Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu.

Wassalam,
Shugaban Makaranta