Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Lasisin Tashoshin Finafinan Indiya da Haƙƙin Fassara

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Ga rahoton kwamitin zartarwa na shekarar 2024. Na kuɗi yana hannun ma'aji, za a karanta shi daban a babban taro.

Abin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana maganar takardu ce. Koke-koken da suka zo ofis, daga masu ɗora murya, masu kebul na unguwa, masu gidajen kallo da masu tura fim a waya, in ka tona su sai ka tarar tushensu ɗaya: ana ɗaukar izinin da tasha ke da shi a Indiya, da shaidar tace fim, da haƙƙin mallakar fim ɗin a matsayin abu guda. Takardu uku ne, hannu uku ke bayar da su, kuma babu wadda ke tsayawa a madadin 'yar uwarta.

Izinin tasha a Indiya

Ƙaramin kwamitin dokoki ya zauna ya bi ƙa'idojin da Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Indiya ta fitar a Nuwamban 2022 sashe-sashe. Izini biyu ne suka shafe mu a ciki: na tura sigina zuwa tauraron ɗan'adam, da na sauko da ita a raba wa masu kallo a cikin Indiya. Tashar fim tana rukunin tashoshin da ba na labarai ba, wanda sharuɗɗansa suka fi sauƙi. Kamfani zai nuna cewa dukiyarsa, bayan an cire bashi, ta kai rupi miliyan 50 don tashar farko, sai miliyan 25 ga kowace tashar da zai ƙara. Mai son tashar labarai miliyan 200 ake nema a wurinsa tun a ta farko.

Ana cike takardar nema a shafin gwamnati na Broadcast Seva, a biya rupi 10,000. Ma'aikatar Cikin Gida ta binciki kamfanin da daraktocinsa ta fuskar tsaro, ɓangaren sararin samaniya kuma ya amince da tauraron da za a hau. Sai kamfani ya ajiye lamunin banki na rupi miliyan 10, wanda zai salwanta in shekara ta zagayo tasha ba ta hau iska ba. Izinin na shekara 10 ne, amma duk shekara akwai kuɗin da ake biya: rupi dubu 200 na turawa, dubu 500 na saukowa, in kuwa daga wajen Indiya ake turo tashar kuɗin saukowar ya koma miliyan 1.5. Dole kuma tasha ta riƙa adana kwafin duk abin da ta watsa na tsawon kwana 90, ko za a nema.

Mun kawo wannan dalla-dalla ne saboda dillalan da ke turo wa membobi hoton takardar izinin tasha ta WhatsApp a matsayin hujjar cewa suna da ikon sayar da finafinai. Takardar na iya zama ta gaskiya. Sai dai abin da ta ce kawai shi ne gwamnatin Indiya ta yarda wannan kamfani ya watsa wannan tasha. Ba ta ambaci fim ko ɗaya ba, ba ta san da Kano ko Maraɗi ba, kuma ba a miƙa ta ga wani sai da amincewar ma'aikatar.

Shaidar tacewa, da abin da ya sa fim ɗin tasha ke zuwa a gutsure

A dokar kebul ta Indiya ta 1995 da ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta, tasha ba ta da damar nuna fim, ko waƙar fim, ko tallarsa, sai hukumar tace finafinai ta CBFC ta ba shi shaidar da ta halatta wa kowa kallo. Mai shaidar A, wato na manya zalla, ba ya shiga talabijin. Mai shi zai yanke wuraren da ake magana a kai, ya kashe sautin zagi, ya sake kai shi a ba shi sabuwar shaida. Gyaran dokar sinima na 2023 ya tabbatar da wannan hanya, ya raba shaidar UA, wadda yara ke kallo da jagorancin iyaye, gida uku bisa shekaru, 7, 13 da 16, ya kuma cire wa'adin shekara 10 da shaida ke da shi a da. Sababbin ƙa'idojin aiwatarwa sun fito a Maris ɗin bana.

A bitar da aka shirya wa masu haɗa sauti, an tsayar da hoto a kan katin shaidar nan da ke fitowa kafin fim ya fara, wanda yawancinmu ke tsallakewa. Abu huɗu ake karantawa a jikinsa: sunan fim, harshen da aka tace shi, harafin shaida, da tsawonsa. In ka ga V kafin U, wato ta kowa da kowa, ko kafin UA, shaida ce ta bidiyo, kuma ita ta fi yawa a kwafin da aka gyara wa tashoshi. Harshen ma yana da magana. Finafinai da dama da ake kira na Hindi a tashoshi irin su Goldmines asalinsu na Telugu ne ko Tamil, fassara su aka yi, kuma wanda ya sayi haƙƙin fassarar Hindi ba lallai ne yana da ikon sayar da ta Hausa ba.

Wajen kwatanta tsawo kuma a lura da wani abu. Sinima tana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin ɗin Indiya da namu 25. In an hanzarta fim don ya dace da talabijin, mai minti 150 yakan dawo 144 ba tare da an yanke komai ba. Abin da ya haura wannan gibi shi ne almakashi ya ci. Wanda ya rubuta fassara a kan kwafin sinima ya zo ɗorawa a kan na tasha, baki da murya za su riƙa rabuwa kaɗan-kaɗan, kafin a kai rabin fim magana ta yi gabas leɓe ya yi yamma.

Kwafin da aka naɗa daga tasha ganin kitse ake yi wa rogo. Tambarin tasha na kusurwa, gargaɗin shan taba na fitowa a ƙasa duk lokacin da jarumi ya kunna sigari, kamar yadda dokar taba ta 2003 da ƙa'idojinta suka wajabta, ga wuraren da talla ta datse. Ƙa'ida ta ce talla kada ta wuce minti 12 a awa, 10 na 'yan kasuwa, 2 na tashar kanta, amma tun 2013 aka kai maganar gaban Babbar Kotun Delhi, shi ya sa fim ɗin awa biyu da rabi kan cinye yamma guda. Babbar illar ita ce sauti. A kwafin tasha magana da kiɗa da ƙarar naushi a cakuɗe suke, sai mai fassara ya danne duka kafin muryarsa ta fito. Wanda ya sayi haƙƙi ta hanyar da ta dace ana ba shi layin kiɗa da ƙararraki daban, babu muryar 'yan wasa a ciki. A rubuta wannan layi cikin kayan da za a miƙa, domin in ba a rubuta ba sai an sake biya.

"Ai kyauta take"

Wannan ce amsar da masu kebul suka fi ba mu. Hukumar kula da sadarwa ta TRAI ce ke tsara farashin tashoshi a Indiya. Tashar da kuɗinta ya wuce rupi 19 a wata ba ta shiga cikin ƙunshin tashoshin da ake sayarwa a haɗe, sai dai a saye ta ita kaɗai. A gefe guda akwai DD Free Dish, hidimar dish ta hukumar watsa shirye-shiryen gwamnati, Prasar Bharati, wadda mai kallo ba ya biyan ko sisi. Tashoshin ne ke biya: duk shekara ana gwanjon gurabe, kuma na tashar finafinan Hindi a shekarun nan daga rupi miliyan 120 ake fara tayi. Da talla suke mayar da kuɗinsu. A Yulin bana TRAI ta ce tashar da ke kyauta a Free Dish dole ta zama kyauta a sauran dandamali ma. Kyautar nan ta magidanci ce a ɗakinsa a Indiya, ba ta mai sake rabawa yana karɓar kuɗin wata ba.

Masu ɗaura dish su daina karɓar kuɗin mutane da sunan kamo Free Dish. Tauraronta, GSAT-15, yana digiri 93.5 gabas, Kano kuma wajen 8.5. Tazarar ta kai digiri 85, alhali tauraro irin wannan in ya wuce kusan 81 ya faɗa ƙasan sararin da dish ke iya gani, ga shi kuma Indiya aka saita haskensa. Abin da babban dish mai raga ke kamowa daga Intelsat 20 a digiri 68.5 wani abu ne daban. Ƙa'idojin 2022 sun wajabta kulle sigina a kowane zangon sigina ban da C-band, wanda babban dish ke kamawa, don haka wasu tashoshi ke zuwa a buɗe. Rashin kwaɗo a ƙofa bai mai da gida na kowa ba. Zee Cinema ko B4U Movies da ake gani a dikodar biya kuwa, da yarjejeniya tsakanin kamfanonin suka shigo, kuma katin gida ba na kasuwanci ba ne.

Yarjejeniyar sayen haƙƙi

A nan aka fi yin asara, a nan kuma lauyan ƙungiya ya fi shan aiki. Wani situdiyo na membobinmu ya biya dillali, ya gama ɗora murya, ya saka fim a YouTube, kwana kaɗan aka sauke shi. Da aka kawo takardar, babu sunan ƙasa ko ɗaya a ciki, kuma an rubuta cewa dokar Indiya ce ke hukunci a kanta. Sashe na 19 na dokar haƙƙin mallaka ta Indiya ta 1957 ya ce in ba a faɗi yanki ba, ana ɗauka Indiya kaɗai ake nufi. In ba a faɗi wa'adi ba, shekara 5 ne. In kuma shekara guda ta wuce ba ka yi amfani da haƙƙin ba, ya faɗi, sai fa in an rubuta akasin haka. Wato kuɗin ya sayi damar nuna fim da Hausa a Mumbai. Har yanzu ana bin sawun dillalin, amma ba mu sa rai sosai ba.

Saboda haka aka fitar da samfurin yarjejeniya, yana ofis kyauta ga mai katin ƙungiya. Ya tilasta a ambaci harshe, Hausa, da sunansa. A jera ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi, kada a tsaya ga "Afirka" ba tare da fayyacewa ba. A raba hanyoyin nunawa, domin haƙƙin tauraron ɗan'adam daban, na kebul daban, na intanet daban, kuma a Indiya sau da yawa hannu daban-daban ke riƙe da su. A faɗi ranar farawa da ta ƙarewa, da sau nawa za a nuna, da ko kai kaɗai aka ba.

Waƙoƙi su ne tarkon da ba a gani. Galibi furodusa ya riga ya sayar da su ga kamfanin kiɗa irin T-Series ko Saregama tun kafin fim ya fito, don haka kana iya mallakar haƙƙin fim amma na'urar YouTube ta kama waƙar da ke cikinsa. A nemi mai sayarwa ya sa mai haƙƙin waƙoƙin ya wanke tasharka ta YouTube a rubuce kafin a ɗora, don kada na'urar ta kama ta. Gargaɗin keta haƙƙi uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha da duk abin da ke cikinta.

Ba a cinikin biri a sama. A nemi jerin takardun da ke nuna yadda haƙƙi ya taso daga furodusa har ya iso hannun mai sayarwa, babu gibi. A Mumbai al'ada ce mai saye ya buga sanarwa a mujallun sana'ar fim, ya ba da 'yan kwanaki ko wani zai fito ya ce nasa ne, kuma kuɗin sanarwar bai kai na rigima ba. A raba biya kashi-kashi, na ƙarshe sai kaya sun iso an gwada su. A bana ma sai an ƙara lura da sunan wanda ke sa hannu: haɗewar kamfanonin Zee da Sony ta rushe a Janairu, ta Reliance da Disney kuma ta kammala a Nuwamba, tashoshinsu Star Gold da Colors Cineplex suka koma inuwa ɗaya.

Ɓangaren gida

Shaidar CBFC ba ta aiki a Najeriya. Fim ɗin da aka fassara sai ya bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, NFVCB, ta ba shi nata rukunin, G, PG, 12, 12A, 15, 18 ko RE, a Kano kuma ga hukumar tace finafinai ta jiha da aka kafa a 2001. Mai raba tashoshi ta waya ko ta iska, komai ƙanƙantar unguwarsa, lasisin hukumar kula da kafofin watsa shirye-shirye ta ƙasa, NBC, ake nema a hannunsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare fim ɗin Indiya kamar yadda take kare na Kannywood, tunda ƙasashen biyu duk suna cikin yarjejeniyar Berne. Wannan kariya ce muke kuka a ba mu in an saci fassararmu, don haka kwamiti bai ga bakin roƙa wa wanda aka kama da kwafin tasha sassauci ba, kuma bai roƙa ba.

Abin da bai kammalu ba

Shirin haɗa kuɗi a sayi haƙƙin finafinai da yawa a dunƙule ya tsaya, saboda faɗuwar naira da kuma rashin jituwa kan wanda zai riƙe takarda da sunansa. Lauya ya ba da shawarar a yi wa wani kamfani na daban rajista, membobi su sayi hannun jari. Za a kaɗa ƙuri'a a kai a babban taro. Fassarar samfurin yarjejeniya zuwa Faransanci don 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi tana hannun mai dubawa. Daftarin sabuwar dokar watsa shirye-shirye da Indiya ta fitar a Nuwamban 2023 bai zama doka ba, don haka lissafin da ke sama yana nan yadda yake, kwamitin dokoki kuma zai ci gaba da sa ido.

Duk mai tsohuwar yarjejeniya ya kawo kwafinta ofis kafin babban taro, tare da rasit ɗin biya da hoton katin shaidar da ke farkon fim ɗin. Za a fara duba waɗanda ba a rubuta sunan ƙasa ko wa'adi a cikinsu ba.

Wassalam.
Kwamitin Zartarwa