Abin da Yistin Burodi Ya Bayyana Game da Zazzaɓin Cizon Sauro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in jawo hankalin masu karatu, musamman ɗaliban kimiyya na Jami'ar Abdou Moumouni, ga wani bincike da ya shafe mu matuƙa, wato yadda yistin da ake kwaɓa burodi da shi yake hana wasu ƙwayoyin gadonsa aiki.

Yisti yana da ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan kuromosom 16, wato dogayen zaren DNA masu ɗauke da rubutun gado, kuma zaren DNA ɗinsa a naɗe yake a jikin furotin mai suna histon, kamar zare a jikin mazari. A ƙarshen kowane kuromosom, furotin Rap1 yakan kama zaren ya jawo wani furotin mai suna Sir4, wanda yake tafe tare da furotin Sir2. Aikin Sir2 shi ne cire wata alama ta sinadari mai suna asetil daga nau'in histon da ake kira H4, kuma sai an cire ta furotin Sir3 yake samun wurin kamawa. Da ya kama, sai ya riƙe wani Sir4 mai ɗauke da wani Sir2, aikin ya ci gaba zuwa histon na gaba, har su lulluɓe yankin ta yadda ba za a iya karanta abin da ke ciki ba. Abin da ya fi burge ni shi ne rubutun gadon bai canza ba ko kaɗan, amma idan ɗaya daga cikin ukun, wato Sir2, Sir3 da Sir4, ya lalace, rufin gaba ɗaya yakan warware. A 1990 Daniel Gottschling da abokan aikinsa sun nuna cewa ƴaƴan yisti suna gadon wannan rufin daga uwa.

Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yaranmu kowace damina tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, masu samar da furotin da take ɗorawa a jikin jajayen ƙwayoyin jinin da ta shiga, kuma ɗaya kawai take buɗewa a lokaci guda, ta rufe sauran, domin idan garkuwar jiki ta gane wannan sai ta sauya zuwa wata. A 2005 masu bincike sun gano cewa nata Sir2 yana cikin masu yin wannan rufin, kuma abin da aka riga aka sani daga yisti ne ya nuna musu inda za su duba.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta ware shafi na irin wannan ilimi da Hausa, ta kuma gayyaci malamanmu na jami'a su riƙa rubuta shi.

Naku mai karatu,
Wani malamin kimiyya, Yamai