Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai gidan kallon ƙwallo da ya tambaye ni: filasma ko LCD?

Assalamu alaikum, ƙanina.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni in yi bayani kan gyaran kayan kallo, ka bugo waya ana dab da rufewa, ka ce kana da gidan kallon ƙwallo, kana son sauya talabijin uku kafin sabuwar kakar wasa, kuma wani ɗan kasuwa ya tallata maka filasma ta hannu mai inci 50 a kan kuɗin da bai kai na sabuwar LCD mai inci 43 ba. Ka tambaye ni wacce za ka ɗauka. Na ce maka LCD, kafin in ƙara kalma ɗaya mai gabatarwa ya ɗaga mini hannu cewa lokaci ya cika. Tun daga ranar abin yake damuna, domin bai dace mutum ya zuba jarinsa a kan kalma guda daga bakin wanda bai taɓa gani ba, shi ya sa na ga gara in rubuta maka hujjojina a fili, duk mai irin tambayarka shi ma ya karanta.

Sai mun fara warware maganar suna. A kasuwanninmu duk talabijin da ba ta da ƙatuwar ƙeya irin ta da, wadda ake maƙalawa a bango, filasma ake ce mata, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. Amma filasma ta gaskiya an daina ƙera ta. Pioneer, wanda ya yi samfurin Kuro da har yau masana hoto ke yabo, ya sanar da barin harkar talabijin a 2009. Panasonic ya sanar da dainawa a watan Oktoban 2013, Samsung da LG kuma suka rufe nasu a ƙarshen 2014. Saboda haka duk sabuwar talabijin da aka fito maka da ita daga kwali aka ce filasma ce, to ba ita ba ce, galibi LCD ce. Duk filasmar gaskiya da ka gani kuwa, ko a Alaba ta Legas ko a Sabon Gari, ta haura shekara goma a duniya, komai ƙyallin da aka goge mata. Haka nan abin da ake rubuta wa LED, har ma da QLED, duk LCD ne, fitilar da ke bayan gilashin kawai aka canza ko aka inganta.

Bambancin biyun yana ga inda haske yake fitowa. Fuskar filasma gilasai biyu ne, a tsakaninsu akwai ƙananan gurabu barkatai da aka cika da iskar niyon da zenon. Idan lantarki ya ratsa iskar sai ta fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi sinadarin da aka shafe gurbin da shi, ya ba da ja, ko kore, ko shuɗi. Wato kowane ɗigon hoto fitilar kansa ce. Tsohuwar dabara ce, a Jami'ar Illinois ta Amurka Donald Bitzer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro ta a 1964, ba ta zama talabijin ɗin falo ba sai a ƙarshen shekarun 1990. Ita kuwa LCD ɗigonta ba ya ba da haske ko kaɗan. Fitila ce a bayanta take ci, ɗigunan kuma kamar ƙananan tagogi suke, suna buɗewa da rufewa gwargwadon abin da hoto ya buƙata. Ka rufe ƙofar ɗaki da dare alhali fitila na kunne a ciki, za ka ga haske yana lallaɓowa ta ƙarƙashin ƙofar; haka baƙin LCD yake, ba ya cika baƙi, sai ya yi toka-toka.

A nan dole in yi wa filasma adalci, domin ɗan kasuwar nan bai yi maka ƙarya ba idan ya ce hotonta ya fi daɗin kallo. Gaskiyar magana, in hoto kaɗai ake dubawa, gidan kallon ƙwallo kamar don filasma aka gina shi. Ɗaki ne mai duhu, kuma a duhu ne filasma take nuna kanta, tunda babban rauninta shi ne rashin ƙarfin haske da ɗaukar ƙyalli a falo mai tagogi. Benci ne a jere har jikin bango, kuma wanda ya zauna a can gefe yana ganin launin filasma daidai da wanda ke tsakiya, alhali a LCD da yawa launi yakan koɗe da zarar ka kauce daga gabanta. Sannan ƙwallo abu ne mai gudu. Ɗigon filasma yana kunnuwa ya mutu nan take, don haka idan aka bugo kwana ko kyamara ta bi ɗan wasa a guje, hoton yana nan tsaf, ba ya jan jela kamar yadda ake gani a LCD mai araha. Ni kaina akwai wata tsohuwar Panasonic a ɗakina da na ƙi rabuwa da ita, kuma ba na jin kunyar faɗa.

To me ya sa na ce ka bar ta? Wuta. Ka juya bayan kowace talabijin, akwai takardar da aka liƙa mai nuna ƙarfin lantarkin da take ja. A tsofaffin filasma masu inci 42 zuwa 50 ba abin mamaki ba ne ka ga wat 300 ko sama da haka, alhali LCD mai fitilar LED ta inci 43 yawanci ba ta wuce wat 100. Abin da aka rubuta iyaka ne, filasma ba ta jan hakan kullum, domin cin wutarta yana bin hasken hoton da take nunawa: fim mai duhu ba ya cin komai sosai, amma filin wasa kore shar a ƙarƙashin fitilun dare, na tsawon minti 90, yana cikin abin da ke sa ta ja da yawa. Mu ɗauka bambancin wat 200 ne. Idan ka kunna awa biyar a rana, a wata ka ƙona ƙarin yunit 30 a kan talabijin ɗaya, yunit 90 ke nan a kan uku. Lokacin da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato unguwannin da aka fi ba wa wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, kuɗin wannan ƙarin yunit 90 kaɗai ya haura naira 20,000 a wata. Kuma ni da kai mun san ba da wutar NEPA ake riƙe gidan kallo ba, da janareta ne, tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuwa kowace lita sai an yi mata lissafi. Filasma uku, da dikoda uku, da fankoki, sun fi ƙarfin ƙaramin janareta. In kuma kana da niyyar komawa sola nan gaba, batiran da za su ɗauki filasma uku na sa'o'i biyar za su cinye arahar da ka samu har su nemi ciko. Wutar da ta ci kuma zafi take zama, a ɗaki mai rufin kwano cike da mutane cikin watan Afrilu.

Na biyu shi ne tabo. Sinadarin da ke ba da launi a filasma yana tsufa gwargwadon aikin da ya yi, don haka duk abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kan fuskarta yakan bar inuwarsa. Tashoshin ƙwallo kuwa ba sa rabuwa da tambarin tasha a kusurwa ɗaya da akwatin maki da agogo a ɗaya kusurwar. Bara wani mai sana'a irin taka ya kawo mini wata mai inci 50. Da na sa mata farin hoto, sai ga akwatin makin nan a sama ta hagu ɓaro-ɓaro, har ana iya gane inda agogon wasa yake zama, kamar sawun guga a jikin farar shadda. Ya ce in wanke masa shi. Na ce masa wanda bai daɗe ba yakan baje da kansa in an ci gaba da kallon wasu abubuwa, amma irin wannan ya zauna ke nan, sai dai a canza fuskar gaba ɗaya, fuskar kuwa babu masana'antar da take yin ta yanzu.

Wannan ya kawo mu ga gyara, inda nake cin abinci. Ciwon da ya fi kama LCD ta yau shi ne mutuwar fitilun baya: ka ji murya, ba hoto, in ka haska tocila a jikin gilashin ka hango hoton dishi-dishi. Jerin fitilun nan ana samun sababbinsu a kasuwa, aikin yini ɗaya ne. Filasma kuwa allunan da ke tura wuta mai ƙarfi cikin fuskarta ne suka fi ƙonewa, kuma ba ka samun su sai an farke wata matacciya irinta, mai shekaru irin nata. Ga nauyi, ga gilashi mai saurin tsagewa. A tsaye ake ɗaukar ta, kuma na ga wadda aka kwantar a bayan adaidaita sahu, kafin a iso gida ramin titi ɗaya ya raba ta biyu.

In duk da haka zuciyarka tana kan filasmar, kada ka biya sai ka yi gwaji. Ka duba lambar samfurin: a Samsung filasma tana farawa da PS ko PN, a LG kuma harafin P ne ke bin lambar inci. Ka duba ko ta Amurka ce da aka yi don wuta mai ƙarfin bolt 120, domin tamu bolt 230 ce, in ka soka ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba ka yi asara tun ranar farko. Ka tambayi yawan ɗigonta, saboda filasma masu inci 42 da yawa ɗigo 1024 a kwance da 768 a tsaye ne kawai, wasu ma ƙasa da haka, girma ne ba kaifi. Sannan ka tafi da filas ɗin USB mai ɗauke da farin hoto da mai ruwan toka, ka sa su cika fuskar, ka tsaya ka nemi inuwa da layuka, ka kuma kara kunnenka a bayanta ka ji ko ƙugin da take yi ya wuce misali. Ka bar ta a kunne rabin awa, domin wasu ba sa nuna halinsu sai sun yi zafi.

In kuma ka bi shawarata, to matsalar masu zama a gefe tana da magani. Fuskar LCD iri biyu ce aka fi samu: IPS, wadda launinta ke tsayawa ko daga gefe amma baƙinta bai da zurfi, da VA, mai baƙi mai kyau amma mai koɗewa in an kauce. Gidan kallo IPS yake so. Mai shago ba lallai ya san wacce ce a cikin kwalin ba, saboda haka ka sa a kunna, ka taka zuwa gefe kamar inda bencinka na ƙarshe yake, ka dubi fuskar mutum a hoton ka ga ko ta yi fari. Idan ka kafa su a bango ka ɗan sunkuyar da su su fuskanci masu zama, ka haɗa kowacce da sitabilaiza, sannan ka shiga saitin hoto ka rage ƙarfin fitilar baya daga ƙarshen da ake ƙure ta a shago zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. A ɗaki mai duhu irin naka babu ɗan kallon da zai ce hasken ya ragu, fitilun kuma za su daɗe kafin su kawo ka wurina.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo 'yan kallo.

Wassalam,
Yayanka mai gyaran talabijin.