Ga masu tafiya Turkiyya bayan girgizar ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin 'yan'uwanmu masu zuwa Istanbul sarin kaya, da ɗalibai, da masu zuwa asibiti. Duk lokacin da aka ji labarin girgizar ƙasa a Turkiyya, wasu su fasa tafiya gaba ɗaya, wasu kuma su ɗauki jaka ba tare da sun tambayi komai ba.

Abu na farko shi ne sanin inda abin ya faru. Girgizar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin 7.8, ta auku ne a yankin Kahramanmaras da ke kudancin ƙasar, ta shafi larduna 11, ta kashe sama da mutum dubu 50. Titin saukar jirage na filin jirgin lardin Hatay ya tsage, aka rufe shi, amma Istanbul, mai nisan ɗaruruwan kilomita, tana ta harkokinta. Sai dai ita ma Istanbul tana kusa da wata tsagar ƙasa ta daban, wato tsagar duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ke janyo girgiza, wadda ta haddasa girgizar Izmit a 1999 da ta ci rayuka fiye da dubu 17.

Girgiza ba ta zuwa ita kaɗai. A ranar ta 6 ga Fabrairu, wata mai ƙarfin 7.5 ta biyo baya cikin kimanin awa 9, bayan mako 2 kuma wata ta sake afka wa Hatay, ta rushe gine-ginen da na farko suka raunana. Wanda ba aikin ceto ko jinya ya kai shi ba, ya dakata da shiga yankin da abin ya shafa na wasu makonni, domin ɗaki da ruwa da gadon asibitin da zai ci, 'yan garin sun fi shi buƙata.

Inda muke so a fi lura shi ne masauki. Mutanenmu sun saba sauka a ƙananan otal-otal na unguwannin Laleli da Aksaray a Istanbul saboda arha da kusanci da kasuwa, kuma yawancin gine-ginen wurin tsofaffi ne, ƙasansu shaguna. Irin wannan gini, idan an cire bango ko an yanke ginshiƙi don faɗaɗa shago, hawan ƙasa ne ke fara durƙushewa, na sama su zauna a kansa. Ka tambayi shekarar da aka yi ginin, domin an tsaurara dokar gini bayan 1999, aka sake sabunta ta a 2007 da 2018. Ka leƙa hawan ƙasa da idonka. Tsagewar filasta siririya ba abin tsoro ba ce, amma tsaga a jikin ginshiƙi, ko wadda ta gicciya a bango, ko rodi ya fito fili da tsatsa, to ka nemi wani wuri ko da ka riga ka biya. Sabon gini ma ba tabbas ba ne: ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu ya rasu ne a girgizar 2023, a wani sabon bene mai tsada da ya rushe a Antakya, babban birnin lardin Hatay.

Idan ƙasa ta motsa kana ciki, durƙusa, ka kare kanka da wuyanka, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka riƙe ƙafarsa, nesa da taga. Kada ka nufi matakala sai ta tsaya, kada ka shiga lif. Tsalle ta taga shi ne mafi muni. A girgizar Istanbul ta 23 ga Afrilun 2025, mai ƙarfin 6.2, sama da mutum 150 sun ji rauni saboda dirowa daga sama cikin firgici.

Kusa da gadonka ka ajiye takalmi, domin fasassun gilasai ke yanka ƙafa a duhu. A ƙaramar jaka ɗaya ka haɗa fasfo da kwafinsa, tocila, usur, fawa banki cike da caji, ruwa, maganin da kake sha na kwana 3 aƙalla, riga mai kauri idan lokacin sanyi ne, da tsabar kuɗin lira, don kati ba ya aiki idan wuta ta ɗauke. Lambar gaggawa 112 ce. AFAD, hukumar agajin gaggawa ta Turkiyya, ita ce ke fitar da sahihin bayani, kuma kowace unguwa tana da filin taruwa, sai ka tambayi ma'aikatan otal inda naku yake tun daren farko. Layukan waya kan cushe, saƙon tes ya fi kira saurin wucewa, don haka ka bar wa iyalinka sunan otal da lambar ofishin jakadancin ƙasarku da ke Ankara.

Batun inshora kuma, a karanta sharuɗɗan kafin a biya. Da yawa ba sa biyan asarar bala'in da ya riga ya faru kafin a saye su, kuma kamfanin jirgi ba lallai ya mayar da kuɗi ba idan kai ka fasa alhali jirgin ya tashi. Tikitin da ake iya sauya wa rana ya fi dacewa a irin wannan lokaci.

Wassalam.
Daga wasu ma'aikatan shirya tafiye-tafiye, Kano.